Ƴar salula mai maɓalli da na saya a Kasuwar Dole: abin da na gani bayan wata takwas

Assalamu alaikum jama'a. Tun bayan ƙaramar Sallah ake tambayata a fada, wurin da muke zaman hira da shan shayi, wai me ya sa na koma riƙe ƴar ƙaramar salula mai maɓalli, wasu sun ɗauka babbar ce ta lalace ko an sace ta, wani abokina har ya ja ni gefe ya ce in matsi ne in faɗa masa ya ranta mini in sayi wata. To babbar tana nan lafiyarta lau, ni na ajiye ta da hannuna, kuma yau da na ɗan samu sarari na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani a wannan ƴar salula, da alherinta da aibinta, don wanda yake tunanin saye ya san abin da zai tarar kafin ya fidda kuɗinsa.

Ni tela ne, shagona yana Sabon Gari nan Damagaram, keken ɗinki uku gare ni da injin surfani guda da yara biyu masu koyon aiki. Kuma abin da ya kai ni ga sayen salular nan ba daɗi ba ne. A watan Disamba na 2024 wani Alhaji ya kawo mini shadda mai tsada, ta auren ɗansa, babbar riga da ƴar ciki da wando. Na yi awo na rubuta cikin babbar salula kamar yadda na saba a lokacin. Ranar da zan yanka na shimfiɗa shaddar bisa tebur, na jingina salular da gwangwanin zare tana ta kawo mini ƴan gajerun bidiyon nan masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, ido ɗaya na kan almakashi ɗaya na can, na fita daga bidiyo na duba awo na koma, ashe awon wani mutum daban na duba, wanda ke ƙasa da sunan Alhajin. Sai da na gama yanka ƴar cikin na ɗaga ta sannan gabana ya faɗi, ko kusa ba za ta shiga angon ba. Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi ya san shadda in ta yanku ta yanku. Na je har gida na faɗa masa gaskiya, na ce zan biya. Ya yi shiru can ya ce, Malam, ba kuɗin ne ya dame ni ba, mahaifinka na sani shi ya sa na tsallake teloli da yawa na kawo maka. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na biya shaddar, ribar kusan wata guda ta tafi, amma maganar nan ita ce ta hana ni barci.

Kwana biyu bayan nan babban yarona na shago ya ce, maigida kawo salularka in nuna maka wani abu. Ya shiga wurin saiti, akwai wani wuri da aka rubuta Bien-être numérique, Google ne ya sa shi cikin Android tun 2018, yana ƙidaya maka awa nawa ka yi a kan kowace manhaja, sau nawa ka buɗe salula, saƙon sanarwa nawa ya shigo maka a yini. Ni shekara da shekaru abin yana aljihuna ban taɓa sani ba. Da na duba na mako guda sai na ga babu ranar da ta yi ƙasa da awa biyar, wata ranar ma ta haura shida, kuma ni ne kullum nake ce wa mutane lokaci ba ya isa ta, aiki ya yi mini yawa, ku yi haƙuri ku dawo jibi. A wurin nan akwai inda za ka sa wa manhaja iyaka, ka ce minti 30 a yini, in ya cika sai hotonta ya dushe ta ƙi buɗuwa har sha biyun dare. Na gwada, kuma abin yana aiki yadda aka ce, sai dai ni na kulle ƙofar kuma makullin yana hannuna, in minti 30 ya cika sai in shiga in ƙara, kwana huɗu na yi na gane wannan hanyar ba za ta fisshe ni ba. Su bidiyon nan ba su da ƙarshe, ba kamar shirin rediyo ba da mai gabatarwa zai ce sai gobe war haka, ko kaset da zai kai ƙarshe ya tsaya da kansa, nan kana gama ɗaya wani ya riga ya fara, na'ura ce ke lura da wanda ka daɗe a kai ta ƙaro maka irinsa, don masu abin da talla suke samun kuɗi, gwargwadon daɗewar idonka gwargwadon tallar da za a nuna maka. Ni kuma sana'ata ido ce, in ya tafi can babu wanda ya rage wa allura.

Shi ne farkon watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, na shiga Kasuwar Dole wajen masu sayar da salula. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, irin ƙananan nan ne na Chaina da suka cika kasuwa, kala-kala amma in ka duba kusan duk abu ɗaya ne. Yaron da na saya a wurinsa matashi ne, ƴar rumfa ce da gilashi a gaba, kuma shi kam na yaba masa. Na ce masa ina son wadda ba ta hawa intanet ko kaɗan, ya dube ni ya ce, yaya ta tsohuwa ce za ka saya? Na ce tawa ce. Bai ƙara tambaya ba ya fiddo kala huɗu ya jera. Akwai wadda aka rubuta wani babban adadi jikin kwalinta game da ƙarfin batir, na nuna ta, sai ya ce yaya kar ka bi rubutun kwali, ɗauki batirin ka ji nauyinsa, ya ciro na biyun ya ɗora mini a tafin hannu, lalle wanda aka yi wa babban rubutun ya fi sauƙi. Ya ce wannan mai rubutun 1000 mAh ita masu kabu-kabu suke dawowa suna saye, ba su kawo mini ƙara. Ya sa pus ɗina, wato katin SIM, a gabana, ya kira lambarsa muka ji murya, ya kunna tocila, ya kama rediyo, ya ce in ta ba da matsala cikin mako guda in dawo da ita. Jikka tara ya fara cewa, muka daidaita a jikka bakwai da rabi, sefa 7500 ke nan, na ƙara jikka biyu na sayi ɗan katin memori.

Da na riƙe ta sai ta tuna mini salulata ta farko, Nokia 1100, wadda ta fito a 2003 mai tocila a ka, an ce an sayar da fiye da miliyan 200 nata a duniya, duk wanda ya yi samartaka lokacin ya san ta. Wannan ba ta kai waccan ƙwari ba ko kusa, robarta sakayau take, amma tsarin ɗaya ne: kira, mesaji, agogo mai tashi, lissafi, tocila, rediyo. Akwai kamara a bayanta amma a manta da ita, hoton da take ɗauka kamar an leƙa ta cikin buji.

Abin da mutane suka fi tambaya shi ne to WhatsApp fa, ai kai tela ne, ta nan mata ke turo maka samfurin ɗinki. Ga yadda na yi, kuma shi ma yaron shagona ne ya koya mini. WhatsApp in ka riga ka buɗe shi da lambarka, ba dole sai pus ɗin yana cikin salular ba, intanet kawai yake buƙata. Sai na cire pus ɗina biyu da kowa ya sani na sa su a ƙaramar, tunda tana ɗaukar biyu, na samo wani pus na daban wanda ba wanda ya san lambarsa na sa a babbar, shi nake saya wa furfe, wato datar intanet. Nan Nijar kamfani huɗu muke da su, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, sai mutum ya duba wanda rezonsa ya fi kamawa a unguwarsa. Babbar tana kwana cikin aljihun tebur a shago, a kashe, ba ta bina gida sai daren Juma'a. Sau biyu nake buɗe ta, bayan azahar kamar minti 20, da kuma kafin in rufe shago. Na sauya zuwa WhatsApp Business, wanda aka fitar a 2018 don masu ƙananan sana'a, kyauta ne, kuma yana da wurin da za ka rubuta saƙon da zai riƙa amsa wa mutane da kansa. Ni abin da na rubuta shi ne: Salamu alaikum, na gode, ina duba saƙo bayan azahar da kuma kafin magariba, in da gaggawa a kira ni a wannan lambar. Abu ɗaya da za a sani, saƙon ba ya tafiya sai salular tana kunne tana da intanet, don haka a ranakun da aiki ya yi yawa nakan bar ta kunne a cikin aljihun teburin na kashe mata ƙara, makullin kuma yana wuyan ƙaramin yarona.

Mako biyun farko sun yi mini wuya, ba zan ɓoye ba. Hannuna yana zuwa aljihu da kansa, in fiddo ƴar salular in dube ta in ga agogo kawai in mayar, a yini sai in yi haka ban san adadi ba. Da dare a gida in an gama cin tuwo sai in rasa inda zan sa kaina, in ji kamar ana wani abu a gari ba a gayyace ni ba. A fada kuwa kowa ya sunkuya a kan tasa, mai dafa shayi ma hannu ɗaya na kan mafici ɗaya na kan salula, ni kaɗai nake zaune ina kallon gawayi. Abin ya dame ni sosai lokacin, don sai a sannan na lura mu takwas ne a tabarma amma sai a yi minti goma ba wanda ya ce uffan, kuma da ni ma haka nake. A hankali dai jikina ya saba. Wani dare ɗiyata mai shekara bakwai ta kawo allonta ta zauna kusa da ni ta ce Baba ka ji mini karatu, na ji mata, ta kai wata sura da ban ma san ta kai ba, uwarta ta ce ai ta fi wata guda a nan, tana kawo maka kana cewa anjima.

Batir shi ne babban alherinta. Kwana biyar nake yi da caji ɗaya, kuma ni mai yawan amsa kira ne, in Sallah ta matso yakan sauko kwana uku. Dalilin ba wani sirri ba ne, gilashinta bai kai faɗin yatsu uku ba, a rezo na 2G kawai take aiki, babu wata manhaja da ke aiki a ɓoye tana shan wuta, shi ya sa batirin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na na babbar ba yake ninka ta kwanaki. Mu a nan mun san darajar wannan. Kowa yana tune da watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar daga can yake zuwa, sai a watan Maris na 2024 aka maido. Wannan lokacin ya koya wa duk mai injin surfani cewa in wuta ta zo awa uku, awa ukun nan zinariya ce, amma ni da bakina nake faɗa, sau da yawa wutar na zuwa abin da nake fara yi shi ne in jona salula, in tsaya a kanta wai ina duba ko tana ɗauka, kafin in ankara rabin awa ta wuce inji na zaune. Yanzu in wuta ta zo kai tsaye inji nake nufa. Ko a zafin Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40 ba ta taɓa yin zafi a aljihuna ba, na dai kiyaye ba na barin ta cikin rana ko kusa da dutsen guga, don zafi yana kumbura batir kowane iri ne.

Tocilarta kuwa ta yi mini amfanin da ban zata ba. Wanda ya san Damagaram ya san maganar ruwa, wani lokacin pampo sai tsakar dare yake kawowa, ƙarfe biyu ko uku ka ji ya fara tari, a tashi a jera jarkoki da bokitai. Maɓalli ɗaya zan danna in riƙe ta kunna, in kafa ta a baki ko in ɗora bisa katanga, ko ruwa ya fantsa mata gabana ba ya faɗuwa don na san abin jikka bakwai da rabi ne. Da babbar ce sai na buɗe, in ga saƙo, in ce bari in duba guda ɗaya, a gama ɗiban ruwa kowa ya koma barci ni in kai asuba. Rediyon ma yana kamawa ba sai da abin kunne ba, da safe muna jin labarai a Anfani ko Muryar Sahel muna aiki, katin memorin kuma na zuba karatun Alƙur'ani da tafsiri. Abin da kunne ke saurare ba ya ɗauke wa tela ido, wannan shi ne bambancin da na gani.

Amma fa gaskiya ba salular kaɗai ta gyara mini aiki ba, rabin aikin kaye ne, wato littafin rubutu, ya yi shi. Tunda awon mutane ba zai koma cikin babbar ba, sai na sayi babban kaye mai bangon kwali, irin na ƴan lakwal mai shafi 200, na ɗaure masa bik da zare. Kowane mai kawo ɗinki shafinsa daban: suna, lamba, awo, abin da ya bayar, abin da ya rage, sannan in yanko ɗan ƙyallen yadinsa in maƙala da allura a saman shafin, ta yadda ko yaro ne ya buɗe ba zai haɗa awon wani da yadin wani ba. A bayan kayen na ja layi na kwanaki, kowace rana na rubuta abin da zai fita. A nan ne na ga abin da ya ba ni kunya. Da can in mutum ya ce yaushe zan dawo sai in ce Laraba, haka kawai daga baki, ban san na riga na ce wa mutum shida Laraba ba. Da na fara rubutawa sai na ga ainihin abin da shagona ke iya fitarwa a yini, kaftani uku marasa aiki ko ɗaya mai surfani sosai, ba ya wuce haka. To in Laraba ta cika ta cika, sai in juya kayen in nuna wa mutum da idonsa, in ce Alhaji ka gani, sai Asabar. Wasu sun tafi wani wuri, amma mafi yawa sun fi son Asabar ta gaskiya.

Azumin 2025 da ya faɗo a watan Maris shi ne gwajin gaske. Duk tela ya san goman ƙarshe, ba barci, mutane a bakin ƙofa har daren Sallah, wani yana zagi wani yana roƙo, yara suna kuka an ce kayansu bai fito ba. Ni tun ran 12 ga azumi na rufe karɓa domin kaye ya nuna babu sauran wuri, na mayar da mutane da yawa har da dangi, wata gwaggona ta yi fushi da ni kwana biyu. Amma ana jibi Sallah na miƙa kaya na ƙarshe. Na samu tahajjud dare uku, abin da rabona da shi tun ina yaron shago. Ranar Sallah na je idi da idona garau, da hantsi na ɗauki yara muka shiga Birni ƙofar gidan Sarki suka ga dawaki da masu algaita, ƙaramin yana bisa wuyana. Sauran shekaru a irin wannan lokacin ina kwance kamar gawa har la'asar. Kuɗin da na samu bai kai na wata shekarar ba don na karɓi aiki kaɗan, amma ban biya yadin kowa ba, ban kuma ɓoye wa kowa a bayan shago ba.

Yanzu aibinta, kuma akwai wanda har yau yana mini ciwo. A watan Mayu matar kawuna ta rasu a Mirya da sassafe, aka sa sanarwa a gurup ɗin WhatsApp na dangi, kowa ya ɗauka kowa ya gani, ba wanda ya kira ni. Mirya ga ta nan kusa, da moto ba na rabin awa, amma sai bayan azahar da na buɗe babbar na gani, an riga an kai ta tun hantsi. Matar nan ta riƙe ni shekara biyu ina yaro. Na je gaisuwa da yamma, kawu bai ce mini komai ba sai dai ya ce, ɗana ka iso, Allah ya ba da lada, amma ni na san an duba ba a gan ni ba a wurin sallar. Ranar na yi niyyar jefar da tsarin gaba ɗaya. Da na huce sai na bi manyan gidanmu ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu halin da nake ciki, na kuma roƙi ƙanwata, wadda ita ba abin da ke wuce ta a gurup, na ce duk abin da ya shafi rasuwa ko rashin lafiya ko haihuwa ki kira ni ko bip ne ki yi. Tun daga nan ba ta taɓa fashi ba, Allah ya saka mata. Don haka duk wanda zai yi irin abin da na yi, tun ranar farko ya samu mutum ɗaya cikin dangi ya ɗora masa wannan amanar, kar ya jira sai abin da ya same ni ya same shi. Yanzu mutane sun daina kira, sun ɗauka rubutu a gurup ya isar.

Na kuma rasa wasu masu kawo ɗinki, musamman ƴan mata masu turo hoto ƙarfe goma na dare suna son amsa nan take. Wata Hajiya da ta daɗe tana kawo mini ɗinkin ƴaƴanta ta ce, Malam tela kai yanzu sai an yi ta nemanka kamar gwamna, ta koma wani wuri wata uku, daga baya ta dawo da kanta da atamfa shida, ban tambaye ta dalili ba.

Ita kanta salular araha ba ta ado. Abin cajin da ya zo cikin kwalin mako uku ya yi ya mutu, na koma wurin yaron, duk da makon da ya ba ni ya wuce ya canza mini wani bai karɓi ko dala ba, ya ce yaya na kwali dama ba su da ƙarko. Bakin cajin irin tsohon ne siriri, na sabbin salula ba ya shiga, in ka manta naka a gida sai ka sha nema. Ƙararta ba ta da ƙarfi, in keke biyu da injin surfani suna aiki tare ba na jin kira ko kaɗan, girgizarta ma kamar ƙuda ya sauka, sai da na ɗinka mata ƴar jaka na rataya a ƙusa daidai kunnena. Akwai wasu wasanni da suka zo a ciki, yarona ya danna ɗaya ranar Juma'a, sai ga kiredina ya ragu, ashe in ka ce eh mesaji yake turawa ana cire maka kuɗi, kuma ba a iya goge su, sai dai na sa wa salular lambar sirri. Masu yara a gida a kula da wannan. Kwashe lambobi ma wahala ce, pus ba ya ɗaukar fiye da kamar 250 kuma yana gutsure dogon suna, sai ka ga Alhaji biyar a jere ba ka san wane ne wane ba, dare biyu na yi ina gyarawa, sai dai a nan na gane lambobi fiye da rabi ban san masu su ba. Rubuta mesaji da maɓalli kuwa sai haƙuri, harafi ɗaya sai ka danna sau uku ko huɗu, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, shi ya sa na fi kira. Maganar kuɗi, duk abin da ake yi da lambobin nan masu farawa da tauraro su ƙare da alamar tsani tana yi lafiya lau, sayen kiredi da duba saura da turawa, mesajin shigar kuɗi ma yana zuwa, amma manhajojin kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana sai da babbar, ko ka taka zuwa ofishinsu, wanda dama ba su da nisa a cikin gari.

Wa zan ce ya saya? Duk mai sana'ar da ke son ido da hannu a wuri ɗaya, tela, baduku, kafinta, makaniki, mai walda, da ɗalibin da ke shirin jarrabawar bak ko birbe ta sakandare, har ƴan jami'ar André Salifou lokacin jarrabawa, in dai zai iya ajiye babbar a wurin da sai ya tashi ya taka kafin ya kai gare ta, don in duka biyun suna aljihu ɗaya kuɗinka kawai ka zubar, na gwada na mako guda a watan Yuni na ga yadda na koma ruwa. Amma wanda kasuwarsa gaba ɗaya a kan salula take, mai sayar da kaya ta status, mai odar kaya daga Kano ko Agadas da ake turo masa hoto da farashi kowane lokaci, wannan kar ya biye mini, zai yi asara, gara ya goge manhajojin bidiyon ya kashe sanarwa ya bar abin da sana'arsa ke ci.

Wata takwas ke nan yanzu. Ta faɗi ƙasa ya fi sau goma, murfin baya ya yi gefe batir ya yi gefe, in haɗa ta tashi, sai dai agogon yakan goge sai na sake saitawa, wanda ya sa ranar nan ta ƙi tashe ni asuba. Rubutun maɓalli na 5 da na 0 ya goge sarai, na kira kuma ya fara nauyi, ina jin ƙurar hunturu ce da burbushin zare suka shige ƙasansa. Ran Alhamis in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa sayen zare, zan biya wurin yaron da na saye ta a hannunsa ya buɗe ya share mini ita, in kuma tambaye shi ko ya kawo mai ƙara da ƙarfi, don babban yarona na shago ya ce in na samu wata in bar masa wannan.